Ranar Lahadin baƙo a Ikko

A FINAFINAN mu na Hausa, idan aka tashi nuna baƙo ya shigo birni, abin dariya ake maida shi. Za ka gan shi da ƙullin kaya a ka, ya na tsoron tsallaka titi, ya na gaida duk wanda ya ci karo da shi, can sai wani ɗan damfara ya yi masa daɗin baki ya raba shi da 'yan kuɗin sa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya ci kasuwar wannan rol ɗin sosai, kuma duk mun sha dariya. To amma ruɗewar ranar farko ba ta wuce mako guda. Abin da ke daɗewa ya na cin baƙo, wanda har yau ban ga daraktan da ya ɗora masa kyamara ba, shi ne lokacin da ba ya aikin komai: yammacin Lahadi, an yi la'asar, ba kasuwa, ba wanda ya san shi, ga gari cike da mutane amma ba inda zai nufa.

Ni a 2022 na zo Legas, bayan na kammala difloma na yi zaman jiran aiki har na gaji. Kawu na, wanda ke karɓar motocin tumatir da albasa da tattasai a kasuwar Mile 12, shi ya ce in zo in riƙa riƙe masa lissafi. Tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce daga Kano, kwana aka yi ana zabga ta. A Agege ya sauke ni, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere su na kallon juna, bayi ɗaya, famfo ɗaya, gida kuwa ƙabila huɗu.

Mai karatu, in ba ka taɓa zuwa Agege ba, kada ka zaci za ka ji ka a wata duniya. Tun bayan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, fataken goro da dillalan shanu su ka yi zango a wurin, su ka yi aure, su ka hayayyafa. Yau akwai Sarkin Hausawa, akwai makarantun allo, akwai mai fura da mai waina da mai kilishi, ga babbar mayanka a Oko-Oba. Za ka haɗu da saurayin da kakan sa ma a nan aka haife shi, ya na zuba Yarabanci kamar ɗan Ibadan, ya juyo ya yi maka Hausa tsaf. Mutum zai iya shekara a unguwar nan bai buƙaci wani harshe ba. Wannan rahama ce ga sabon zuwa, domin nan zai samu wurin kwana, da wanda zai tsaya masa, da tuwon da cikin sa ya sani.

Abu na farko da garin nan ya fara ƙwace mani shi ne lokaci. A gida, in an yi sallar asuba a kan ɗan koma a miƙe. A nan kuwa kafin gari ya waye ka na bakin titi ka na jiran danfo, wato 'yar bas ɗin nan mai launin ɗorawa da baƙin layi. Kwandasta ya na rataye a ƙofa ya na kiran sunayen unguwanni da wani irin sauri, sai kunnen ka ya yi makonni kafin ya rarrabe Ojota da Oshodi. In za ka sauka ba ka cewa "akwai" kamar a Kano. "Owa" za ka ce, kuma da ƙarfi, in ba haka ba sai ka ga an wuce da kai. In babu canji, kwandasta zai miƙa wa mutum biyu takardar kuɗi ɗaya ya ce su je su raba. 'Yan garin na kiran wannan ɗaurin aure. An taɓa ɗaura mani irin sa da wata dattijuwa mai sayar da kifi, mu ka yi ta zagaye a Ketu mu na neman mai canji, ta na yi mani faɗa da Yarabanci, ina ba ta haƙuri da Hausa, daga ƙarshe mu ka ɓige da dariya.

Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba sai ta cinye maka awa biyu a gosulo, dawowa ma haka. In damina ta kankama a watan Yuni da Yuli, sai abin ya ninka, ga rigar da ka shanya tun shekaranjiya ba ta bushe ba. A cikin gosulon nan na karance littattafan Hausa da yawa a waya ta, hannu ɗaya riƙe da waya, ɗaya dafe da aljihu. Ka dawo gida bayan isha'i, jiki ya yi tuɓus, ba ka da sauran ƙarfin hira.

Sannan ga sabon sunan da aka raɗa mani ba tare da an yanka rago ba: Aboki. Kalmar mu ce, mai daɗi, amma a bakin wasu ta na nufin mai gadi, ko mai gyaran takalmi, ko wanda ba ya gane komai. Zuwa na ya zo daidai da lokacin da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, daga ranar 1 ga Yuni, 2022, daga baya ta ƙara wasu. Da yawa daga cikin masu sana'ar yaran Arewa ne. Na ga samarin da su ka wayi gari ba babur, ba sana'a, su na zaune a gindin gada. A irin wannan yanayi, ba abin mamaki ba ne mutum ya ji ba ya son yin nisa da inda 'yan'uwan sa su ke.

To ina ake kai ranar hutu? A garin mu hira kyauta ce. Ka fito ƙofar gida, ga dakali, ga majalisa, ga abokan da ku ka yi wasan ƙasa tare. A zangon Ikko abin da ya maye gurbin wannan abu uku ne. Na farko teburin mai shayi, inda ake tsoma buredin Agege a kofi ana jin labarin wanda ya zo daga gida da farashin buhun masara a can. Na biyu gidan kallon ƙwallo, inda janareto ke ruri, zufa na zuba, 'yan Arsenal da 'yan Chelsea na neman cinye juna ɗanye. Na uku kuwa waya. Ban san darajar finafinai masu dogon zango ba sai a nan. Za ka ga mutum 5 ko 6 sun haɗa kai a kan waya ɗaya su na kallon 'Labarina' ko 'Izzar So', kuma na lura ba labarin kaɗai su ke bi ba. In an nuno wani titi a Kano, ko 'yar Adaidaita Sahu ta gifta a bayan ɗan wasa, sai ka ji wani ya ce, "Kai, tsaya, maido baya!" Gida su ke leƙawa ta wannan 'yar tagar.

Duk wannan da daɗin sa, kuma har gobe ina yi. Amma wata hira da mu ka yi da wani dattijo a kasuwa ta tsaya mani a rai. Ya ce mani ya haura shekara 30 a Legas. Na ce, "Baba, ashe kai ka sha kallon teku." Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ni teku a talbijin na san shi. Nema ya kawo ni." Da na ba Kawu labari da daddare, bai ga abin mamaki ba. Cewa ya yi, "Ɗan nan, duk naira ɗaya da ka kashe a yawo, daga bakin mahaifiyar ka ka cire ta."

Maganar Kawu ba ta wasa ba ce. Kowannen mu akwai bakunan da ke jiran sa a gida, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. A garin nan hutu saye ake yi. Ko bakin teku, tsohuwar Bar Beach da mutanen da su ke ba da labarin ana zuwa kyauta ta tafi, an cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Wuraren da su ka rage irin su Elegushi sai ka biya a ƙofa. Duk da haka na ce wa Kawu, cikin ladabi, zan riƙa ware Lahadi ɗaya a wata, da kuɗin da na rage daga na shayi da na data, in ga garin da na ke zaune a ciki. Ya ce, "Allah ya tsare. Ka dai dawo kafin magariba."

Da ya ke ni mayen fim ne, sinima na fara nema. Akwai wata mahaɗa a Agege da kowa ke kira Pen Cinema, har an yi mata gadar sama da aka buɗe a 2021. Sunan ne kawai ya rage, ba a nuna fim a wurin, kamar dai yadda wasu tsofaffin gidajen sinima na Kano su ka koma sunan tashar mota. Sinimun yanzu su na cikin manyan kantuna, da sanyin na'ura da kujeru masu laushi, tikiti ɗaya kuwa zai ci kuɗin abincin ka na yini biyu. A ɗaya daga cikin su a Ikeja na kalli 'A Tribe Called Judah' na Funke Akindele, wanda ya fito a Disamba 2023, ya kuma zama fim ɗin Nijeriya na farko da ya tara sama da naira biliyan 1 a sinima. Labarin wata uwa ce mai 'ya'ya maza 5, kowanne da uban sa daga ƙabila daban, kuma Uzee Usman ne ya fito a matsayin Adamu, ɗan Bahaushe. 'Yan kallon Ikko ba su iya shiru ba: su na gargaɗin ɗan wasa, su na zagin mugu, su na tafi, tamkar dai 'yan kallon mu. Mutumin da ke kusa da ni, wanda a danfo ƙila ko kallo na ba zai yi ba, sai da ya riƙa dafa kafaɗa ta in an yi abin dariya.

Wata Lahadin na bi BRT, wato doguwar bas mai layin ta daban, wadda ta fara aiki a 2008 tsakanin Mile 12 da CMS, na sauka a tsibiri. Na shiga masallacin Shitta-Bey da aka buɗe tun 1894, na yi azahar a cikin Yarabawan da ba mu jin maganar juna sai sahu ya haɗa mu. Daga Marina na hau jirgin ƙasa mai aiki da lantarki da ya fara ɗaukar fasinja a Satumba 2023, ya tsallaka ruwa da ni ya wuce ta gaban babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu, inda aka yi bikin FESTAC a 1977, wanda aka sa wa sunan Wole Soyinka a 2024. Wata rana kuma na dawo ta gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, ina hango gidajen katako na Makoko a tsaye cikin ruwa, yara ƙanana na tuƙa kwalekwale kamar yadda namu ke kora jaki. Tekun ma na gan shi. Na tuɓe takalmi na tsaya, igiyar ruwa ta zo ta janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafa ta, na ja da baya da sauri. Gani ya kori ji.

Abin da yawon nan ya ƙara mani ya fi hotunan da na tura gida. Na daina tsoron garin. Na san inda ake canza mota, na san unguwar da ba a shiga da dare, na san farashi, ba mai yi mani kallon ɗanyen kai. Na koyi gaisuwar Yarabanci, kuma ranar da na ce wa matar mai gidan mu "Ekaaro, Mama" tare da rusunawa, ranar ta daina ce mani Aboki, ta tambayi sunan yanka na. Yanzu in ta yi amala da miyar ewedu sai ta aiko, mu ma in Sallah ta zo mu kai mata nata kason. Har wani dillalin tattasai ɗan Abeokuta mu ka samu ta hanyar ƙanen ta.

Akwai kuma ɓangaren da ba mu cika son faɗa ba. Saurayin da ya baro iyaye da idon unguwa, ya na aiki kwana 6 kamar inji, rana ta 7 kuma ba shi da abin yi, wani abin zai samo wa kan sa. Na ga waɗanda cacar ƙwallo ta cinye wa jari a waya, na ga waɗanda su ka fara da ƙwayar ƙarin ƙarfi don aiki su ka zarce. Kaɗaici ne ya kai yawancin su, kuma ba wanda ya taɓa ce masu zo mu je mu ga wuri kaza. Manyan mu na zango sun iya nema wa yaro aiki da wurin kwana, Allah ya saka masu. Da za su ƙara da tambayar inda ya ke yini ranar da babu kasuwa, da an rage asara.

Don haka, ɗan'uwa mai shirin hawo mota zuwa Kurmi, ka riƙe zango da kyau, nan ne gatan ka. Ka tura wa gida haƙƙin su kafin komai. Amma ka bar wa kan ka rana ɗaya. Tun Oktoba 2024 jirgin ƙasa na cikin gari ke tsayawa a tashar Agege ya na kai mutane har Oyingbo, ka ga tafiyar ma ta ragu. Ka ja wani sabon zuwa irin ka ku tafi tare, ku koyi gaisuwar masu gari, ku dawo kafin magariba kamar yadda Kawu ya ce. Dattijon nan na kasuwa kuwa mun yi da shi bayan Sallah zan kai shi bakin ruwa, ya ce sharaɗin sa ɗaya, ba zai shiga kwalekwale ba. Allah ya kai mu, ya kuma maida kowane baƙo gida lafiya.