Kayan Tafiyar Hutu Da Hakkin Mai Masauki

 Duk wanda ke zaune a Gyadi-Gyadi ko Tarauni ba ya bukatar kalanda kafin ya san makarantu sun ba da dogon hutu. Tun daga ƙarshen watan Yuli zai ga Adaidaita Sahu suna fitowa daga lunguna da sassafe, an cika su da jakunkunan bakko da yara masu gyangyaɗi, sun hau titin Zariya sun nufi tashar Unguwa Uku. Turawa suna kiran wannan hutu da sunan lokacin zafinsu, suna tafiya bakin teku shan iska. Mu kuwa a tsakiyar damina yake riskarmu, kuma inda muka fi nufa shi ne gidan kakanni, domin zumunta a ƙafa take.

Akwai masu hali da ke kai iyalinsu Umra ko Masar ta filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Allah Ya ƙara buɗi, sai dai su tuna zafin Makka a watan Agusta yakan haura digiri 40, kuma jinjiri ma sai da fasfo nasa na kansa. Maganarmu ta yau da sauran jama'a take, watau ma'aikacin da ya jira albashin Yuli, da ɗan kasuwar Kwari ko Singa da ya bar wa yaronsa shago na 'yan kwanaki.

Bari mu fara da laifin kanmu. Shekaru kaɗan da suka wuce muka ɗebi iyali, mu tara har da mai goyo, muka tafi ƙauyenmu a ƙasar Makarfi, gaba da Tashar Yari. Mun yi shiri irin na mutanen birni. Akwai atamfa ta Inna, da shadda ta ƙanenmu da ke riƙe da gonar gado, da sabulu, da turare, da alawa ta yaran gida. Mu kanmu mun cusa littattafai huɗu a akwati, waɗanda ko ɗaya ba mu buɗe ba har muka dawo. Aka tarye mu da murna, aka yanka kaji. Da dare ya yi aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, yaran birni suka dube shi suka kau da kai. Washegari sai ga shinkafa da mai da yaji, jibi ga taliya, gata ga shinkafa da wake. Muka yi kwana goma sha biyu muna yaba karamcin gida, ba mu taɓa tambayar daga ina abincin ke fitowa ba.

Sai bayan kaka, da ƙanen namu ya zo Kano, muka tambaye shi yadda masara ta yi, ya ce alhamdu lillahi, ya sauya magana. Daga bakin Inna muka ji gaskiya. Ashe buhun takin zamani da ya ajiye domin zubi na biyu shi ya kai kasuwa a kwana na uku da saukarmu, don kada 'ya'yan Yaya Malam su kwana da yunwa a gidan ubansu. Masarar ta yi ja, ta ba da abin da ta ba da. Wallahi mun karantar da babin liyafa ga ɗalibai ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma ba mu fahimce shi ba sai ran nan.

Abin da mutumin birni ke mantawa shi ne, hutun makaranta yana faɗowa daidai lokacin da rumbu ya kai ƙasa. Hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba, ɗan kuɗin da ke hannu ya tafi a taki da 'yan ƙwadago. A wannan watan ne muke sauke wa manomi bakuna tara, mu miƙa masa turare. Shari'a ta girmama baƙo ƙwarai, amma ta yi wa liyafa iyaka da kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ce daga mai gida, kuma hadisi ingantacce ya hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Wani zai ce ai ɗan gida ba baƙo ba ne. To, ɗan gida ne ya fi cancanta ya san halin da gidan ke ciki. Saboda haka abu na farko da ya kamata ya shiga but ɗin mota shi ne abinci: shinkafa ko masara gwargwadon yawanku da kwanakinku, da jarkar mai, da gishiri da sukari da kayan miya busassu. Tsaraba ta biyo baya in wuri ya ragu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya ninka, mun sani, amma wanda ba zai iya haɗa kuɗin mota da na abinci ba gara ya rage kwanaki, ko ya rage yawan masu tafiya.

Na biyu a cikin kaya shi ne abin da zai tsare lafiyar mafi ƙanƙanta a cikin ayari. A waccan tafiyar dai ba mu ɗauki gidan sauro ba, ɗakin da aka sauke mu kuwa bayansa gonar masara ce da kududdufi. Kwana biyu da dawowarmu autarmu ta kwanta da zazzaɓi, muka kwana uku a asibiti. Gidan sauro mai magani ba ya cin wurin da littafi ɗaya ke ci. Haka nan iyaye su lura da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya kowane wata a cikin damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wannan tsari tun 2012 domin ƙasashe irin namu. Ana ba da na ranar farko a gaban ma'aikaci, a bar wa uwa na sauran kwana biyu. In tafiya ta faɗo a tsakani, maganin ya shiga jakar hannu tare da katin. In kuwa za a zo rabo kuna can, a nemi masu rabon yankin da aka sauka. A haɗa da ledojin gishiri da sukari na gudawa, waɗanda ake kaɗawa a ruwa mai tsabta bisa ƙa'idar da ke jikinsu, da maganin sauke zafin jiki na yara, da rigar sanyi, domin asubahin Agusta a ƙauye ba wasa ba ne. Ruwan rijiya a damina kuwa a tafasa wa yara shi, ko da masu gida za su yi dariya.

Akwai wani abu ƙarami da malamanmu na mazhabar Malikiyya suka yi magana a kansa, wanda ke nuna sun san halin uwa. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu an yi wa mai shayarwa rangwame game da fitsarin jinjiri ko kashinsa da ya taɓa tufarta, muddin tana iyakar ƙoƙarinta wajen kiyayewa, aka kuma so ta tanadi wata tufa dabam domin salla. To, ga wani kayan tafiya: zane ɗaya da hijabi a leda, a saman jaka, ba can ƙarƙashin buhu ba. Sau nawa muka ga maigida ya sauka a Kwanar Ɗangora ya yi alwala ya yi sallarsa a natse, uwargida tana cikin mota da yaro a cinya, biyu suna kuka, har direba ya yi ham? Wanda ya idar ya karɓi goyon, ita ma ta sauke farali. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro saboda tausayin uwarsa. Babu wani rawani ko matakin albashi da ya fi ƙarfin riƙe jinjiri na minti goma.

Tun da salla ta shigo, mu yi tuni a gurguje. Tazarar kasaru a wurinmu baridi huɗu ce, watau mil 48, wajen kilomita 80 ke nan. Mai zuwa Zariya ko Katsina daga Kano matafiyi ne, mai zuwa Kura ko Wudil ba ya kasaru. Azahar da La'asar da Lisha su ake mayarwa raka'a biyu-biyu, Magariba da Asuba suna nan yadda suke. Ba a farawa sai an wuce gidajen gari, kuma a nan a yi hattara, domin lokacin ƙuruciyarmu da an bar Gyadi-Gyadi kaɗan sai gonaki, yau kuwa mutum zai wuce Na'ibawa da 'Yan Lemo yana cikin gine-gine. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka zai cika sallarsa. An kuma yi wa matafiyi sauƙin haɗa Azahar da La'asar, abin da ke rage wa mai yara sauka da hawa.

Game da hanya, a fita bayan sallar Asuba, a isa da rana tsaka, kafin hadarin yamma ya haɗu ya ɓata hanyar ƙauye. A buga waya tun da kwanaki a sanar da masu gida yawanku da ranar zuwanku. Shari'a ba ta son a faɗo wa mutane cikin dare ba sanarwa. Yaro kada ya zauna a kujerar gaba, balle a cinyar direba. In motar haya ce, a biya wa yara manya kujera, kada a jibga uku a kan uwa ɗaya saboda tsimin kuɗi. In direba ya fara gudun wuce sa'a, maigida ya buɗe baki ya yi magana da ladabi. Annabi da kansa ya umarci mai kora raƙuma, Anjashata, ya sassauta saboda matan da ke bisa. Mun ga mazaje da yawa suna yin shiru a mota don kada a ce sun ji tsoro.

'Yan kasuwa da ke tura iyali su kaɗai su tsaya a shago, ba mu ce sun yi laifi ba. Amma haɗa kaya aikin mutum biyu ne. Uwa ta san abin da yara ke bukata, uba ya san halin gidan da za a sauka. In ya miƙa kuɗin mota kawai ya fice, to, ita za ta isa da jakunkuna cike da tufafi, kunyar surukai kuwa ba za ta bar ta ta tambayi abin da ke cikin rumbu ba.

Shekarar da ta biyo bayan waccan tafiya muka sauka da buhun shinkafa da rabin na masara da jarkar mai. Ƙanen namu ya tsaya a bakin zaure ya dubi kayan, fuskarsa ta sauya, ya ce, "Yaya Malam, yanzu har gidan Baba ya zama masaukin haya, sai an zo da guzuri?" Muka rasa abin cewa. Inna ce ta fito daga ciki ta ce, "Kai, bar wannan magana. Kayana ne, ɗana ya kawo mini, ni kuwa na ga dama a dafa wa jikokina. Ɗauka ka kai mini ɗaki." Ya sunkuya ya ɗauka. Tun daga ran nan duk abin da muka ɗauko na ci, da sunan Inna yake shiga gidan, kuma kwana shida muke yi. Yaran ma yanzu suna cin tuwon dawa, ban da autar, wadda har yau sai an zuba mata man shanu.