Wa Ke Yanka Kuɗin Yinin Lebura?

Duk mai bi ta Kawo ko Rigasa a Kaduna da sassafe ya saba ganinsu: leburori a gefen titi, kowa da sheburinsa, wani da diga, wani ya kife kwanon sarki ya zauna a kai. Da mota ta rage gudu sai su miƙe. Birkila ko ɗan kwangila ya leƙo ya ce yana son mutum huɗu, za a zuba dekin a Malali, ya faɗi abin da zai biya. In kuɗin bai kai yadda ake biya a garin ba, mutanen da wataƙila tun shekaranjiya ba su taɓa siminti ba sai su koma su zauna ɗaya bayan ɗaya. "Oga, a ƙara dai, ba haka ake yi ba." Ba za ka ji wani ya ce ya yarda a gaban 'yan uwansa ba.

Ba wata doka da ta yanka musu wannan farashi. Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024 ta kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000, gwamnatin Uba Sani kuma ta ce na Kaduna 72,000 ne, amma wannan zance ne na masu jiran ƙarshen wata. Dokar da kanta ta tsame wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, balle mutumin da ake ɗauka da safe a sallame shi da la'asar. Duk da haka farashin yana nan, kowa ya san shi, wanda ya karya shi kuma za a ce ya ɓata wa mutane kasuwa.

Masana tattalin arziki uku, Emily Breza da Supreet Kaur da Nandita Krishnaswamy, sun gwada wannan a ƙauyukan jihar Odisha ta Indiya. Suka sa aka riƙa tayin aikin gona a kan kuɗin da ya gaza na garin da kashi 10 cikin ɗari. In an yi wa mutum tayin a keɓe, ana samun masu karɓa da dama, domin suna bukata. In an yi a inda sauran 'yan ƙodago za su ji, kusan babu mai karɓa. A nan ma haka ne. Wanda yunwa ta fi matsa wa yakan bari motar ta sha kwana, sannan ya bi ta a hankali, ko ya ba birkila lambar wayarsa su ƙarasa magana daga baya.

Ni ina ganin ƙimar wannan kunya. Ita ce ta hana mai kuɗi ya riƙa haɗa mabukata biyu faɗa yana rage musu lada har sai ta koma kuɗin kwanon abinci. Amma tana da tsada, kuma lebura ne ke biya da kwanakinsa. Kaur ta nuna a wani binciken nata cewa a ƙauyukan Indiya lada takan hau a shekarar da damina ta yi kyau, ta ƙi sauka bayan haka, sai yawan waɗanda ake ɗauka ya ragu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, siminti da rodi da kuɗin tifar yashi duk suka tashi. Kuɗin yini ma ya ɗan motsa, sai dai ka zaga bayan Rigasa ka ga gine-ginen da suka tsaya a linta, ciyawa ta fito a ɗakunan. Kowane ɗaya a cikinsu kwanakin aiki ne da wani bai samu ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ƙididdiga ke wuce wannan mutum. A 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya ma'auni, ta bi tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ke lissafa duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a cikin masu aiki. Rashin aikin yi da aka ce kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020 ya zama 4.1. Hukumar ba ta ɓoye cewa fiye da kashi 90 na masu aikin ba su cikin tsarin albashi na hukuma ko kamfani ba. Amma leburan da ya ɗauki kwanon sarki ranar Litinin, ya wuni a gindin bishiya har Asabar, a takarda mai aiki ne, alhali lada guda ce zai raba wa tukunyar kwana bakwai.

Jami'ar Jihar Kaduna tana nan cikin gari, tana da sashen tattalin arziki da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a shekarar ƙarshe. Da a ce wasu za su riƙa zuwa waɗannan matattarai su ƙirga mutum nawa suka hallara da ƙarfe bakwai, nawa suka rage da sha ɗaya, su tambayi kowa kwana nawa ya samu a makon jiya, a rani da damina da azumi, da mun san abin da lebura ke kai wa gida a wata.