Tsumman Kabari Da Mayafin Jarumi

Mai karatu, in kai ma'abocin finafinan Turawa ne na yaƙi, na san ka saba ganin Baikin, mayaƙan ruwan nan na Norwe da Suwidin da Denmak da suka addabi Turai daga 793 zuwa 1066. Kullum cikin baƙar fata ake nuno su, duƙun-duƙun, kamar ba su taɓa jin labarin wanka ba. Dubi shirin Vikings da aka fara a 2013. Ni dai a matsayina na mai sharhin fim, wannan shiga ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin abin da aka tono daga ƙasa ya ƙaryata ta.

Babbar suturar namijinsu mayafi ne na ulu mai kusurwa huɗu, ana maƙale shi da fil a kafaɗar dama. Ahmad Ibn Fadlan, manzon halifan Bagadaza da ya haɗu da su a bakin kogin Bolga a 922, ya bayyana cewa mayafin kan rufe ɓangare guda na jiki ya bar hannu ɗaya a sake. Shi ne mutumin da Antonio Banderas ya fito a matsayinsa a The 13th Warrior na 1999.

To, ulu ai ruɓewa yake yi, ya aka yi aka san saƙarsa? Daga tsumma. A kaburburan Birka da ke Suwidin, tsatsar fil ce ta kama 'yan ƙyallaye ta hana su ruɓa, wasu ba su fi farcen yatsa ba. Agnes Geijer ta wallafa nazarinsu a 1938. A tashar jiragen Hedeby, da ke Jamus a yau, tsofaffin tufafi ne aka yayyaga aka tsoma a kwalta wajen gyaran jirgi, kwaltar ta adana su. A Mammen kuwa, a Denmak, an buɗe kabarin wani babba a 1868, wanda aka binne wajen 970, aka tarar da ulu mai aikin allura, da zanen fuskoki da ganye da dabbobi.

Mai son farfaɗo da mayafin sai ya sa ƙyallen a madubin ƙara girma, ya ƙirga zare nawa ne a kowace santimita, ya duba dama aka murza shi ko hagu. Daga nan a nemo tumaki irin na da, masu gashi biyu, na waje mai kauri, na ciki mai laushi. A kaɗa da mazari, kamar yadda kakanninmu mata ke kaɗin auduga, sannan a saƙa a masaƙar tsaye wadda duwatsu ke jan zarenta ƙasa. Launi ma gwaji ya fito da shi: ja daga saiwar wani tsiro, shuɗi daga wani ganye mai sinadari iri ɗaya da babar marinar Ƙofar Mata. Ashe mutanen nan 'yan gayu ne!

Wanda ya fi burge ni shi ne mayafin Aislan mai gashi-gashi, wanda ake cusa tukkun ulu cikinsa tun a kan masaƙa, ruwan sama ya riƙa zamewa. Tsohuwar dokar ƙasar har awonsa ta yanka: kamu 4 a tsawo, 2 a faɗi, tukku 13 a jere, saboda da shi ake ciniki kamar kuɗi. Snorri Sturluson ya ba da labarin fatake da suka kai shi Norwe aka ƙi saye, sai da Sarki Harald ya yafa guda, nan take fadawa suka wawashe sauran. Daga nan ya samu laƙabin Mai Mayafi Ruwan Toka.

Ka ga ke nan mayafi dukiya ne, gumin mata ne na wata da watanni. Daraktan da ya cire shi ya liƙa wa jarumi baƙar fata ya share matan nan daga labarin, ya kuma ɓoye mana waye mai kuɗi, waye bawa. Shi ya sa nake jinjina wa Robert Eggers da mai tsara masa sutura Linda Muir a The Northman na 2022, da suka nemi shawarar masana irin su Neil Price kafin a kunna kyamara.

A nan ne abin ya dawo gida. Sau nawa muka ga fim ɗinmu na zamanin da, sarki ya fito cikin shaddar kanti tana ƙyalli, gugar jiya ko karyewa ba ta yi ba? Su Turawa da ɗan ƙyallen kabari suke lalube. Mu kuwa saƙi da tsamiya da barage suna nan a adakar tsofaffi, marina tana aiki, kuma akwai sauran dattawan masaƙa da ransu. Furodusa, kafin ka sake kai mu fadar ƙarni na 18, ka ware kuɗin mota ka je ka zauna da ɗayansu. Duk wanda ya rasu a cikinsu ba a tambaye shi ba, ilminsa ya bi shi kushewa.