Bin Sawun Ruwa Daga Tamburawa Zuwa Birni

Na tashi daga Tamburawa, inda ake tace ruwan Kogin Kano, na ɗauki titin Zariya zuwa cikin birni, hankalina yana kan ruwan da ake turawa ta ƙarƙashin ƙasa. A irin wannan hanya abin lura shi ne ɗan ɗakin simintin da ke rufe da bawul, da wilin ƙarfen da sai ma'aikaci ya yi ta murzawa, gumi na zuba, kafin ruwa ya tsaya. Mai wucewa zai ce nawa ce. Ni kuwa ina ganin jinkirin nan ne ke hana bututu fashewa.

Ruwa yana da nauyi, lita 1,000 tan guda ce, kuma da ƙyar yake matsuwa. Idan aka tare shi farat ɗaya, na baya sai ya afka wa na gaba, kamar jerin tireloli da ta gaba ta taka birki babu shiri. Bugun yakan koma baya a cikin bututun ƙarfe da gudun kusan mita 1,000 a daƙiƙa, ya isa tanki ya dawo, ya yi ta kai-kawo har ƙarfinsa ya mutu. Nikolai Zukofski ya auna wannan a bututun ruwan Mosko, ya kuma bayyana lissafinsa a 1898: ruwan da ke gudun mita 1 kacal a daƙiƙa, in an datse shi nan take, matsinsa yakan ƙaru da kwatankwacin ruwa mai zurfin mita 100. A bututu mai kilomita 10, zuwa da dawowar bugun daƙiƙa 20 ne. Wanda ya rufe bawul kafin su cika ya ɗora wa ƙarfe dukan gaba ɗaya, wanda ya zarce su kuwa ya bai wa bugun da ya dawo damar rage matsin.

Daga Na'ibawa zuwa Unguwa Uku na yi ta cin karo da masu ga-ruwa suna tura kura cike da jarkoki, ina auna hujjar masu cewa tsufa da tsatsa ne ke fasa bututu. Suna da gaskiya, sai dai tsohon ƙarfe shi ya fi buƙatar a lallaɓa shi. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ɗauke wuta, domin injin turo ruwa ba ya jiran kowa kafin ya mutu. Maganinsa ma jinkirin ne, amma na saye: tankin iska a bakin injin, wanda ke ci gaba da tura ruwa na ɗan lokaci, ko babban wili mai nauyi da ke sa injin ya tsaya sannu a hankali. Akwai tsada, amma a kwatanta ta da haƙa titi da barin unguwa tana sayen jarka.

Ko ran da bututu ya fashe ana gaggawar tsayar da ruwa, injiniyoyi kan rufe yawancin bawul da sauri, su ja ragowar a hankali, saboda a ƙarshen murzawar ne ruwa ke shaƙewa.