Turancin da ake ciniki da shi a Kumasi

Aboabo, Zongon Kumasi

Ƙanena Sani,

 

Tunda ka ɗaura niyyar tahowa bayan Sallah, bari in ja maka kunne kan Turancin garin nan. A cikin Zongo ba ka da damuwa, daga Aboabo har Asawase Hausa ce ke ci, Dagomba da Mosi ma da ita suke ciniki. Amma da ka shiga kasuwar Kejetia, sai yaren Tuwi da Turanci, kuma Turancin nan ya sha ruwan Asante ya ƙoshi.

In mai tumatir ta ce ko kana son “rubber”, ba robar wanki take nufi ba, leda ce. Yaron motar haya, wadda suke kira trotro, sunansa “mate”, kuma da shi za ka kira shi in za ka sauka. “Chop bar” gidan abinci ne, inda ake kirɓa fufu, “chop money” kuwa kuɗin cefanen da maigida ke ajiyewa da safe. Biyu ne nake so ka riƙe da kyau saboda addininka: in ka ga an rubuta “spot” a jikin rumfa, mashaya ce, “hot drink” kuma barasa ce mai ƙarfi. Kada sanyin asuba ya sa ka zaci shayi ne.

Kalmar da ta fi shiga raina ita ce “please”. A makaranta an koya mana ita don roƙo kawai. A nan yaro ba ya buɗe baki gaban babba sai da ita. Ka tambaye shi sunansa, da ita zai fara. Ko a'a zai ce maka, sai ya haɗa da ita. Ladabin yarensu ne suka ɗora wa bakin Bature, yadda mu muke sa “ranka ya daɗe”. Haka in hannun dama ya cika, mai awo za ta miƙo maka canji da hagu tana cewa “sorry for left”. Wasu masu boko na raina wannan Turanci, ni kuwa wallahi ina ganin tarbiyya a cikinsa, kuma ina so ka ɗauka, domin wanda ba ya faɗin haka ana yi masa kallon mai girman kai.

Kada ka manta katin allurar shawara, ana tambayarsa a iyakar Aflao. Ka ce wa Inna ta ba ka yajin daddawa ka taho min da shi.

Yayanka,
Bashir