Tauraro Mai Tsini Shida a Kasuwar Jibiya

Bikin 'yarmu ya matso, uwargida kuwa ta kafe a kan abu guda. Wata 'yar'uwa a ikilisiyarmu ta komo daga ziyarar Urushalima da ɗan akwatin itacen zaitun, da tauraron Dawuda a bisa murfinsa. Irinsa take so ta sa a ɗakin amarya. Kuɗin zuwa Isra'ila ba mu da shi, amma kuɗin motar Jibiya bai fi ƙarfinmu ba.

Daga Katsina tafiyar ba ta kai mil 30 ba. Kasuwar tana ci ran Lahadi, saboda haka sai da muka tashi daga sujadar safe muka kama hanya. Direba ya ce lalle mu juyo kafin la'asar, gama ɓarayin daji sun dami wannan yanki. A Magama, nan ne bakin iyaka. Wanda ya ƙetare zai bi ta Ɗan Isa ya shiga Maraɗi. An rufe wannan ƙofa a 2019, ba a buɗe ba sai 2022. Aka sāke rufe ta a 2023 bayan juyin mulki a Nijar, har zuwa Maris na 2024. Masu sana'ar hannu sun sha wuya ƙwarai a shekarun nan.

Muka wuce 'yan hatsi da 'yan roba, muka iske masassaƙa can gefe. Ga turame na ƙirya, ga akusa baƙaƙe, ga muciya da kujeru 'yan tsugunno. Waɗansu an yi musu zāne da ƙarfe mai zafi, waɗansu da fenti ja da kore. Nan uwargida ta tsaya cik. A kan wata kujera ga tauraro mai tsini shida!

Ta ce, "Baba, wa ya koya maka alamar Yahudawa?"

Tsohon, mutumin wajen Maraɗi ne, ya yi dariya. Ya ce, "'Yata, wannan ai hatimin Annabi Sulaimanu ne. A wurin mahaifina na gan shi."

Maigida ya yi shiru, sa'an nan ya tuna. Kobo mai huji da anini, waɗanda aka kashe kafin zuwan naira a 1973, wannan tauraro ne a jikinsu. Tutar Nijeriya ta zamanin Turawa ma, daga 1914 zuwa 1960, tana ɗauke da shi, kore. Isra'ila kuwa a 1948 ta sa shi a tutar ƙasarta. Mai karatu ya bincika Littafi Mai Tsarki, ba zai sami wurin da aka ce Dawuda yana da tauraro irin wannan ba. Mu ma da muka koma gida mun duba.

Ciniki ya ɗan ba mu wahala. Tsohon da dala yake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, mu kuma naira ke aljihunmu. Sau biyu ya ce albarka. Wani yaro mai canji ya raba mu gardama, muka biya, muka ƙara da akushi guda.

Da uwargida ta ɗauki kujerar, fentin ya ɓata mata zane, ashe bai gama bushewa ba. Tsohon ya naɗe ta da takardar buhun siminti, ya ce mu gai da amarya. Ƙarfe uku muna cikin mota, kujerar tana bisa cinyar uwargida, ta hana yaron mota ya ɗaure ta a sama.