Saurayin Da Ya Ga Fuskar Dodo

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Nguru zuwa Gashuwa lalle ya ratsa ta Jajimaji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa ta Jihar Yobe. Gari ne na manoman gero da riɗi da wake. A nan ne wani saurayi yake zaune a ɗan shagon da ke ƙofar gidansu, yana cin abinci da wata sana'a da ba a saba ji ba, watau zana abubuwan da ido bai taɓa gani ba: dodanni, da biranen aljanu, da Gizo da Ƙoƙi.

Tun yana ƙarami aka lura ba kamar sauran yara yake ba. Bai buɗe baki da magana ba sai da ya shekara huɗu, ba ya duban idon mai yi masa magana, ranar kasuwa kuwa sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙuryar ɗaki saboda hayaniya. Amma yakan wuni a tsugune yana kallon jerin tururuwa, sa'an nan ya ɗauki tsinke ya fitar da su a kan rairayi, kowace da ƙafafunta shida. Wasu suka ce shafar aljanu ce, wasu suka ce dolo ne kawai. Ya sha rubutu, ya sha hayaƙi, bai sake ba.

Da aka sa shi makarantar boko, wata rana malaminsu ya buɗe littafinsa na lissafi, ya tarar da shi cike da zalɓe da dinya da shamuwa. Ya zane shi da bulala, ya kekketa littafin a gaban 'yan aji. Da labari ya isa gida, mahaifinsa ya ce masa, "Kai, zane ba ya kawo tuwo, ga shi kuma malamai suna da magana a kan zanen mai rai. Kada in ƙara gani." Yaron bai yi kuka ba. Shi dai a wurinsa magana ɗaya ce, in an ce bari, to, an ce bari ke nan har abada. Ya shekara goma sha biyu bai ja layi ko ɗaya ba.

A cikin shekarun nan ya yi aiki a wurin wani ɗan kasuwar hatsi a Gashuwa. Bai taɓa kuskuren ƙidayar buhu ba, amma aka sallame shi ranar da ya gaya wa mai saye, a gaban ubangidansa, cewa gindin mudun a lotse yake. Ya koma gida ba aiki ba aure, sa'o'insa duk sun aje iyali.

Wani dare mahaifiyarsa tana yi wa jikoki tatsuniya, sai 'yar ƙanwarsa ta juyo ta ce, "Kawu, wai yaya kamannin Dodo suke?" Kowa ya yi shiru. Gaskiyar yarinyar ce kuwa, gama tatsuniya takan faɗi abin da Dodo ya ci da abin da ya ce, amma ba kasafai take tsayawa ta siffanta shi ba. Tambayar ta hana saurayin barci. Da asuba ya zaro gawayi daga murhu, kafin hantsi ga Dodo a jikin katanga.

To, a nan ne abin lura yake. Bai ƙago Dodon nan daga iska ba. Ya ba shi jikin gaiwa, kifin nan da ke binne kansa cikin laka ya yi rani yana jiran ruwa. Ya ba shi dogon wuyan zalɓe, da bayan kada, da ƙayar bishiyar ƙaro a maimakon gashi. Dukansu abubuwa ne da ya ƙura wa ido a fadamun Haɗeja da Nguru da tafkin Dagona, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai lokacin sanyi. Ashe shekarun da hannunsa ya yi a ɗaure, idonsa bai daina tarawa ba. Dogon kallon nan da aka kira wauta, shi ne jarinsa.

Ƙanwarsa, wadda ta yi karatu a Kwalejin Ilimi ta Gashuwa, ita ta matsa aka kai shi wurin wani likita a Maiduguri. Likitan ya ce abin da ke tare da shi shi ne otizim, wanda wasu ke kira galahanga. Ya bayyana musu cewa ba hauka ba ne, ba kuwa aikin aljanu ba. Halitta ce da ake haihuwar mutum da ita, ƙwaƙwalwarsa ta riƙa karɓar sauti da haske da maganar mutane ta wata hanya dabam. Tun 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya siffanta ta, kuma a 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2 ga Afrilu don wayar da kai game da ita.

Akwai masu irin halittarsa da suka yi suna. Stephen Wiltshire, wanda aka haifa a Landan a 1974, yakan dubi birni daga jirgin sama sau ɗaya ya zana shi da ka. A 2025 kuma wani yaro ɗan Nijeriya, Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, ya shiga kundin Guinness da zane mai faɗin fiye da murabba'in mita 12,000, wanda aka baje a dandalin Eagle Square na Abuja. Sai dai kada mai karatu ya ɗauka kowane mai otizim gwani ne. Da yawansu ba su da wata baiwa ta a zo a gani, wasu ma ba sa magana, haƙƙinsu kuwa bai ragu da ƙwayar zarra ba.

Mayar da baiwa sana'a shi ya fi ba shi wuya. Tun gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, Hausawa ba su rabu da son labaran jarumai da aljanu ba, marubutan littattafan yaƙi kuwa suna bukatar bango mai jan ido. Wani daga Kano ya karɓi zanensa guda biyar, ya ce kuɗi na tafe. Har yau shiru. Shi ko saurayin bai san ana faɗin abin da ba a nufa ba. Daga nan ƙanwar ta ce, "Yaya, kai ka yi zane, ni in yi ciniki." Suka rubuta farashi a takarda, suka sa ƙa'ida: rabin kuɗi kafin aiki, bayani kuma a rubuce ta WhatsApp, ban da kiran waya. Yakan yi aiki bayan sallar asuba da kuma dare, sa'ad da gari ya yi tsit.

Kasuwar ba ta rasa barazana ba, domin yanzu kwamfuta tana ƙera hoto nan take, a araha. Waɗansu masu ba shi aiki sun koma can. Waɗansu kuwa sun dawo, don dodon da na'ura ta ba su na tatsuniyar Turawa ne, mai fukafukai da aman wuta, bai taɓa shan ruwan kogin Yobe ba.

Mahaifinsa bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, bai kuma sake ra'ayinsa a kan zanen mai rai ba. Amma da jikansa ya zo saukar Alƙur'ani, sai aka ga tsohon ya nufo shagon da sabon allo a hammata. Ya miƙa wa ɗansa, ya ce, "Ungo, ka yi masa zayyana. Kada ka yi gaggawa." Kwana tara ya yi a kanta.

Akwai irin yaron nan a garuruwa da yawa, suna tsugune suna kallon tururuwa. Allah Ya sa a dube su kafin a ɗaga bulala.